Filtar Motar Malam

Motar ce ta sa muka bar unguwar Wendover da ke cikin gari. Na sha faɗin haka a gaban mutane, Malam kuma ya sha musantawa, wai shi iskar ƙauye yake so, amma ni na san mijina. A gidan hayar da muke can, doka ce ba a kwance mota a wurin fakin. Ko baƙin mai ka tsaya canjawa, kafin yamma an aiko maka gargaɗi. Shi kuwa mutum ne da ya tashi cikin ƙarafa tun yana yaro a Kaduna, ya zo ƙasar nan ya ci gaba da gyaran injunan ɗaga kaya a wani ƙaton sito. Ranar da muka je duba gida a ƙauyen Pleasant Garden, ina kicin ina buɗe durowoyi, shi yana bayan gida yana zagaya gareji. Ko ɗakin kwana bai leƙa ba ya ce gida ya yi.

Motar tsohuwa ce 'yar Japan, mai ƙofa biyu, ruwan toka, ta girmi 'yarmu. Ko tashi ba ta yi lokacin da ya saye ta. Abokinsa Alhaji ne ya ɗauko ta a bayan motarsa ta janwe. Alhaji mutumin Ghana ne, ɗan zangon Kumasi, mai ƙaton ciki da ƙatuwar dariya, kuma irin Hausarsu ba ta raba mace da namiji, har yau “kai” yake ce mini. Shekaru Malam ya yi a kan motar nan. Ya kwance injin ya sake ɗaurawa, ya ƙara mata turbo mai cusa wa injin iska, ya sa manyan nozul masu fesa mai, ya sa famfon mai da ya fi na asali ƙarfi. Daga ƙarshe ya ce ta daina shan fetur zalla, za ta koma itanol, man nan da ake tatsa daga masara, wanda ake samu a wasu gidajen mai a famfo mai rawayar mariƙi. Ya ce injin da aka ƙara wa ƙarfi ya fi jin daɗinsa, ba ya ɗaukar zafi sosai, sai dai yana zuƙarsa da yawa.

Da labari ya kai masallaci aka sa shi a gaba. Kowa ya san itanol ɗan uwan barasa ne.

“Malam, an ce motarka ta fara sha,” in ji wani dattijo bayan sallar Juma'a.

“Ai tun asali da giya biyar ta zo,” Malam ya ce, “ba wanda ya yi magana.”

Ya dawo gida yana ba ni labari yana dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa ba ruwana da motar. Aikina tuƙa bas ɗin 'yan makaranta ne, in kai su da safe, in kwaso su da rana. Idan na dawo, ganin wani sitiyari ma ba na so. Iyakata da garejin in kai masa shayi bakin ƙofa in juyo.

Bai daɗe da mayar da ita kan sabon man ba ciwo ya same shi. Wata safiyar Asabar ce, yana tsaye yana zuba ruwan zafi, sai na ji kofi ya faɗi. Na waiwaya na ga bakinsa ya karkace, yana kallona kamar yana son ya tambaye ni wani abu. Allah ya sa muna tare, aka kai shi asibiti da wuri. Ya dawo gida da ransa da hankalinsa, amma ɓarin dama ya yi nauyi. Ƙafar tana ja, hannun ba ya damƙa, magana kuma ta zama aiki. Ya san abin da zai ce, kalmar za ta zo har bakinsa ta tsaya. Mutumin da ke cika falo da surutu ya koma sai kalma ɗaya, biyu, sai nuni da hannun hagu.

Motar ta zauna tun ganye na zuba, har sanyi ya zo ya wuce, har ƙurar furen itatuwa ta mai da motocin gari rawaya. Alhaji yakan zo jefi-jefi ya tayar da ita don kada batir ya mutu, ya gaishe mu ya tafi. Wata rana ya ja ni gefe ya ce akwai wani yaro mai son saye. 'Yarmu ma, da ke aiki a Raleigh, ta ce a sayar. Ina yi mata Hausa tana ba ni amsa da Turanci, wai ganin motar ƙara wa Baba damuwa yake yi. A raina na yarda da su. Na rasa dai bakin da zan faɗa masa.

Wata rana na dawo daga zagayen safe ban same shi a falo ba. Sandarsa ma ba ta nan. Na duba bayi, na duba ɗaki, sai na hango ƙofar gareji a buɗe. Yana zaune a kujerar roba kusa da motar, makulli a hannun hagu. Yadda ya sauka matakalar baya shi kaɗai, Allah ne ya sani.

Ya miƙo mini makullin. “Tayar.”

“Malam, wannan ai mai kuloci ce. Rabona da irinta tun ina budurwa, a motar yayana.”

“Tayar,” ya sake cewa.

Na taimaka masa ya shiga gefen mai zaman banza, na ɗaura masa bel. Kafin mu fita daga harabar gida ta mace mini ya fi a ƙirga. Ba ya faɗa, sai dai ya ɗaga hannu ya sauke a hankali, yana nuna mini yadda zan saki ƙafa. Da ƙyar muka hau titi. Hanyoyin wajenmu shiru ne, gidaje nesa da juna, sai ciyawa da itatuwa. Da muka samu miƙaƙƙen wuri ya ce, “Taka.” Na taka totur. Motar ta yunƙura da wani irin ƙarfi da ya manna bayana da kujera, sai kuma ta shaƙe, ta yi tari, ta fara fizga. Malam ya buga yatsa a kan wani ɗan agogo da ya ɗaura kusa da sitiyari. Allurarsa tana faɗuwa ƙasa.

“Saki! Saki!”

Na ɗauke ƙafata. Daga baya na fahimci agogon ƙarfin turin mai yake nunawa, kuma idan mai ya gaza a lokacin da injin ke neman sa da yawa, injin na iya ƙonewa. Muka lallaɓa gida kamar masu ɗauke da ƙwai. A gareji ya zauna yana kallon gilashi. Can ya fara, “Fil... fil...”

“Filta?” na ce.

Ya gyaɗa kai, ya lumshe ido.

Washegari Alhaji ya zo ya ɗaga motar ya ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe. Yana shirin kwanciya ƙarƙashi wayarsa ta yi ƙara, mota ta mace wa wani a babban titi. Ya ce zai dawo da yamma ko gobe. Da ya fita Malam ya dube ni, ya dubi rigar aikinsa da ke rataye a ƙusa. Na gane. Na cire zobba da awarwaro na zuba a aljihunsa. Na zura rigar, na naɗe hannuwa da ƙafafu, na ɗaure ɗankwalina tamau.

Da kalma ɗaya-ɗaya da nuni ya bi da ni. Na zare fiyus ɗin famfo, na tayar da mota na bar ta ta mutu da kanta don man da ke cikin tiyo ya rage ƙarfi. Na cire wayar batir. Na buɗe ƙofofin gareji duka, na sa tabarau, na shimfiɗa kwali na kwanta. Ban taɓa ganin cikin mota daga ƙasa ba. Na bi tiyon da hannu daga tanki har na iske wani ɗan gwangwani kamar na madara, filtar ke nan mai tace man. Sifana biyu ya ba ni, ɗaya ta riƙe, ɗaya ta juya. Na yi ta fama har gaɓar yatsana ta daki ƙarfe ta fashe, sannan ya saki. Man ya tsiyayo cikin kwano, wani ya bi hannuna har gwiwa. Warinsa ba irin na fetur ba ne, yana da ɗan zaƙi-zaƙi kamar ƙullun da ya kwana.

A kan teburin aiki muka buɗe gwangwanin. Abin da ke ciki takarda ce mai ninki-ninki, amma ta kumbura ta yi laushi kamar burodin da ya faɗa shayi, wani baƙin danƙo ya toshe ninkin. Na taɓa da yatsa ta ɓare. Malam ya daɗe yana kallo. Sai da muka ci abincin rana, muka yi azahar, sannan na gama haɗa bayaninsa. Shi wannan man yana wanke tsohon dattin da fetur ya bari a tanki, ya kwaso shi gaba ɗaya. Idan kuma ya zauna yana jawo ruwa daga iska, takarda kuwa ba ta shiri da ruwa. Ya san da haka. Yana da niyyar canja filtar ciwo ya riga shi.

Da Alhaji ya dawo ya ga abin da na ciro, ya riƙe baki.

“Ei, Hajiya! Kai ne ya cire?”

Ya zauna ya kawo shawara. Ya ce a je kowane kanti a Wendover a sayi irinta, in ta toshe a sake wata. Malam ya girgiza kai. Ya ce to a sa mai ragar ƙarfe mai manyan ido, ita ba ta toshewa har abada. Malam ya yi ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi, ya ce, “Ba ta toshe... ba ta kama.” Alhaji ya ce to a mayar da motar kan fetur kowa ya huta. Malam ya kau da kai.

Akwai wani shago a bayan gari inda masu motocin tsere ke sayayya, a nan Malam ya saba zuwa. Ranar da zan je ƙafarsa ta tashi da ciwo, dole na tafi ni kaɗai. Ya ba ni matacciyar filtar a leda, da guntun tiyo don a gane girmansa, ya sa na ɗauki hoton famfo da nozul a waya. Har na kai ƙofa yana ta maimaita mini kalma ɗaya, “Roba. Roba.” Ban gane ba, na dai ce to.

Mai shagon wani tsohon Bature ne mai na'urar ji a kunne. Ya ga mace da hijabi ta shigo, ya miƙe ya tambaye ni ko hanya na ɓata, cikin ladabi dai. Na ajiye ledar a kan kanta na kwance. Ya leƙa, ya shinshina, ya ce, “Itanol.” Na ce eh. Daga nan maganarmu ta zama ta aiki. Ya duba hotunan, ya gwada guntun tiyon, ya shiga ciki ya fito da kaya ya jera a gabana.

Ta takarda ya fara turewa gefe. Saura uku. Ɗaya ragar ƙarfe ce mara tsatsa, idonta a buɗe, in ka ɗaga ta sama kana ganin haske kamar rariyar tankaɗe. Ya ce lambarta ɗari, wato idon ya kai kaurin gashin kai, kuma duk yadda lamba ta ƙanƙanta haka idon ke matsewa. Ta biyu ita ma ƙarfe ce amma lamba goma, ba ka ganin komai ta cikinta. Ta uku fara ce kamar auduga, da zaren gilashi aka yi ta, ita ma goma. Ya ce mai manyan ido wurinta kafin famfo, ta tare tsakuwa da ɓarɓashi ba tare da ta wahalar da famfon wajen zuƙa ba. Mai ƙananan ido kuma bayan famfo, ita ce mai tsaron nozul. A nan zaɓi yake. Ta ƙarfe ana wankewa a mayar. Ta gilashi ta fi kama ƙananan datti, ta fi ɗaukar da yawa kafin ta cika, amma ba a wanke ta, sai dai a jefar a sa sabuwa. Ga kuma gidan da za a sa su ciki, akwai gajere, akwai dogo.

Na ce ya ba ni minti ɗaya. Na kira Malam ta bidiyo, na bi kayan da waya ɗaya bayan ɗaya ina faɗa masa abin da aka ce. Ya matso da fuskarsa har gilashin ya cika da gemunsa. Ya buɗe baki, kalmar ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Na ji ya daki hannun kujera. Na juya wa mai shagon baya don kada ya ga fuskar mijina a haka. Ina jin numfashinsa ta wayar.

“Ke,” ya ce daga ƙarshe. “Ke ce... a wurin. Zaɓa.”

Ya kashe wayar.

Tunda aka kawo motar nan ko noti bai taɓa bari wani ya zaɓa mata ba. Na tsaya gaban kantar ina kallon kayan. Sai na ce wa kaina, to, wa zai riƙa shiga ƙarƙashin motar nan daga yau? Ni ce. Tankin kuma bai gama aman dattinsa ba, ko an wanke shi sai ya ƙara kawo wani, don haka da farko zan riƙa buɗewa akai-akai. Ta gaban famfo ba gardama, ragar ƙarfe mai ɗari, in ciro in wanke in mayar, idona yana ganin abin da ta kama. Ta bayan famfo na daɗe a kanta. Wanke-wanke dai na iya shi, amma dattin da ido ba ya gani, ta yaya zan san ya fita? Na tuna ranar da nozul ɗin nan suka iso, yadda ya jera su a kan farin ƙyalle ya hana kowa taɓawa. Na ɗauki ta gilashin, na ce ya ƙara mini ɗaya ta ajiya. Gida kuma na ce dogo, tunda motar mai yawan sha ce, gara a ba man faɗin wurin wucewa.

Sai na roƙe shi ya ba ni sifana. Ya yi mamaki amma ya miƙo. Na gwada buɗe murfin kowane dogon gida da ke shagon. Wani sai ƙato zai iya, wani yana zamewa. Na samu ɗaya da hannuna ya iya riƙewa ya juya ba tare da na nemi kowa ba. Ina buɗe shi na ga wani siririn zoben roba a bakin murfin, sai maganar Malam ta faɗo mini.

“Wannan robar,” na ce, “tana jure wa man?”

Tsohon ya dube ni ta saman tabarau. Ya karɓa ya juya ta, ya ce wannan ta fetur ce, itanol zai cinye ta a hankali, kuma saura kaɗan ya manta. Ya ɗauko wasu ya canja da hannunsa. Yana ɗaure kayan ya tambaye ni wa ke gina motar. Na ce mijina ne ya gina ta, ni ce ke riƙe da ita yanzu. Shi da kansa ya ɗauko kwalin har bakin motata.

A gida Malam ya sa na zazzage komai a kan cinyarsa. Ya ɗaga ragar ya duba ta a hasken taga. Ya latsa zoben robar da farce ya gyaɗa kai. Ya auna dogon gidan a tafinsa. Da ya zo kan farar ya tsaya.

“Don me?”

Na faɗa masa dalilina kamar mai ba da hadda. Ya saurara har na gama. Ya nuna kansa ya ce, “Ni... ƙarfe.” Wato da shi ne, ta ƙarfe zai ɗauka duka biyun. Na ce ai ana iya mayarwa. Ya riƙe kwalin da hannun hagu ya ja shi jikinsa.

“A'a. Hujja... ta yi.”

Ranar Asabar muka yi aikin. Alhaji ya tsiyaye tsohon man a jarkoki don ya kai inda ake karɓar irinsa, ya sauke tanki muka wanke, ya mayar. Sauran ya bar mini, ya ja kujera kusa da Malam. Don Malam ya riƙa ganin abin da nake yi, na ɗauko madubin ɗakina na jingina shi a ƙasa a karkace, na sa fitila. Muka fara da gardama. Ni ina so a matso da filtar baya inda hannuna ke kaiwa ba sai na shige can ciki ba. Shi ya ƙi, yana nuna salansa, yana cewa, “Zafi.” Na matsa da ita kaɗan, ya ce a'a. Na ƙara, ya sauke hannu. A nan muka tsaya, ba inda yake so ba, ba inda nake so ba, ya sa Alhaji ya yanko ɗan falle na ƙarfe muka kare ta daga zafin.

Na ɗaura ta gaban famfo lafiya. Na ɗauko doguwar, na haɗa tiyo, na fara ɗaurewa ina jin daɗin kaina. Sai na ji sandar Malam ta daki siminti, ya ɗaga murya.

“Kibiya! Kin juya ta baya, Hajiya, kibiyar gaba za ta kalla, wajen injin!”

Na saki sifanar. Tunda ya kwanta ciwo ban ji magana mai tsawon haka ta fito daga bakinsa a tsaye ba, da muryarsa ta da, har da faɗan. Na duba jikin filtar, ga kibiya kuwa an zana, tana kallon tanki. Alhaji ne ya fara magana.

“Allahu akbar. Hajiya, kai sake juya shi baya mu ƙara ji.”

Suka fashe da dariya su biyu. Ni ina kwance a kan kwali hawaye na gangarowa cikin kunnena, hannuna duk mai, ba halin sharewa. Ba wai ya warke ba ne a ranar. Da yamma maganar ta koma yadda take, likitar da ke koya masa magana ma ta ce hakan na faruwa idan abu ya zo wa mutum ba shiri. Amma mun ji da kunnenmu cewa muryar tana nan.

Na juya filtar na ɗaure. Alhaji ya zuba sabon mai, na mayar da fiyus da wayar batir. Na murɗa makulli rabi, famfo ya yi gurnani, allurar agogon ta tashi ta tsaya. Malam ya ba ni farar takardar goge hannu, na koma ƙasa na bi kowace mahaɗa ina dannawa. Ɗaya ta jiƙa takardar. Na ƙara mata ɗauri kaɗan, na goge, na sake gwadawa, ta fito a bushe.

Da la'asar muka fita, ni da shi. Ƙafata ta fara sabawa da kuloci amma hannuna ya kasa gane gidajen giya, ina neman ta uku in faɗa ta biyar. Ina cikin lalube na ji hannu a kan nawa. Mai zaman banza a dama yake zama, sandar giya tana gefen hagunsa, hannunsa mai lafiya. Ya ture hannuna a hankali ya mayar da shi kan sitiyari.

“Kuloci,” ya ce.

Na taka, ya sa giya, na saki. Motar ta tafi sumul. Muka iso miƙaƙƙen wurin nan, ya ce in taka. Na yi bismilla na taka. Turbo ya yi fito, itatuwa suka fara gudu, na saci kallon agogon, allurar tana tsaye kyam kamar an kafe ta da ƙusa. “Kuloci!” Na taka, ya canja, ta ƙara miƙewa ba tari ba fizga. Ni da nake wuni ina bin 'ya'yan mutane a hankali, sai ga ni ina ihu a cikin mota. Na kai iyakar gudun da doka ta yarda na sassauta. Na dube shi, rabin fuskarsa na dariya, ɗaya rabin yana ƙoƙarin bi.

Bayan 'yan makonni na buɗe ragar ni kaɗai, yana barcin rana. Na samu ɓarɓashi kamar dakakken barkono, na wanke na mayar, na ajiye masa dattin a murfin kwalba ya gani in ya tashi. Maganar sayarwa kuwa ba wanda ya sake tayar da ita.

Cikin bazara wani likita ɗan Katsina ya yi walimar sauke karatun 'yarsa a gidansa da ke unguwar masu hali ta Irving Park, ya gayyaci kowa. Malam ya ce da motar za mu. Na sha leshi da gwaggwaro, na sa takalmi mara tsini saboda kuloci. Muka shiga layin manyan gidajen nan da ƙarar salansa, muka tsaya tsakanin dogayen motoci masu sheƙi. Rabon mutane da ganin Malam a taro tun kafin ciwo. Kafin ya gama fitowa maza sun kewaye shi, ana ta barka da arziki, aka ce sai ya buɗe bonet.

Ina cikin mata na zuba shinkafa ke nan, 'yarmu ta zo ta ce Baba na kira. Na fita da farantina a hannu. Ashe maigidan ne ya tambaya yadda aka yi da maganar datti, don ya ji an ce man masara na toshe mota. Malam ya nuna ni da sanda.

“Hajiya... ta sani. Ita ta zaɓa.”

Na tsaya a gaban alhazai na yi bayani, ta gaban famfo da ta bayansa, ɗari da goma, abin da ya sa takarda ba ta yi, har da zoben roba. Suna tambaya ina amsawa. Malam yana jingine da motar yana gyaɗa kai, sau ɗaya kawai ya gyara mini. Da na koma cikin mata shinkafata ta huce. Wata Anti 'yar Damagaram ta kama hannuna ta juya, ta ga tabon gaɓar yatsana a ƙarƙashin lalle.

“Hajiya, ashe mekanisiyan muka samu ba mu sani ba! Wallahi gobe zan kawo miki tawa.”

Na ce ta bari in gama koyon wannan tukuna. Amma ba zan ɓoye ba, kaina ya yi girma ranar, cokali ma da wani salo na riƙe shi.

Muka kamo hanyar gida kafin magariba, an yi ɗan yayyafi, titi na sheƙi. Mun bar gari mun shiga hanyarmu ta cikin itatuwa, sai ga barewa ta faɗo titi daga dama. Na taka birki da kuloci tare, kafin in buɗe baki ya riga ya dawo da giya ƙasa. Muka tsaya cak. Ta dube mu, ta tsallaka, 'ya'yanta biyu suka biyo ta da sanɗa, ƙafafu kamar tsinke. Muka bi su da kallo har suka shige duhuwa.

Malam ya saki numfashi. Ya karkata kai kamar mai sauraron wani abu a ƙarƙashin motar.

“Birkin nan,” ya ce, “yana so... a duba.”

“Na ji shi ni ma,” na ce. “Na gaba, ɓangaren hagu.”

Ya dube ni, ya sa giya ta ɗaya.